Ko Maganin Da A Ke Zuba Wa Man Mota Yana Rage Shan Mai?

A hutun da ya wuce, wata rana muna zaune a tashar mota ta Daura muna jiran motar Katsina ta cika, sai gardama ta tashi tsakanin direbobi biyu. Ɗaya ya fito da wata 'yar kwalba da ya sayo, ya ce tun da ya fara zuba ta cikin tanki motarsa ta rage shan mai. Ɗayan ya ce shi ma ya taɓa saye, bai ga kome ba sai asarar kuɗinsa. Kowa ya rantse, kowa ya sami magoya baya, har mota ta cika ba a rabu da gardamar ba. Da muka komo makaranta muka ga ya kamata mu bi maganar nan a hankali, gama ba ta wasa ba ce.

Kun sani ran 29 ga Mayu, 1999 aka koma mulkin farar hula, kuma ran 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Kafin ranar nan lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta koma wajen naira 500, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a Abuja. To, mutumin da abincin gidansa ya rataya ga jigila tsakanin Daura da Kano, ko ɗan acaɓa mai kai mutane Sandamu da Zango, in aka ce masa ga maganin da zai sa lita ta yi masa nisa, lalle ya saurara. Saboda haka wajibi ne a gaya masa gaskiya, da dalilinta.

Abin da ke faruwa cikin inji

Ba za mu gane amfanin magani ba sai mun san jikin da a ke ba shi. Injin mota gidan wuta ne. Cikinsa akwai ramuka da a ke kira silinda, kowanne da fistin mai hawa da sauka. Fistin ya sauka, ya shaƙo iska gauraye da tururin mai. Ya hau, ya matse su. Sa'an nan fulogi ya ƙyasta, wuta ta kama, zafinta ya tura fistin ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa, ya kori hayaƙi waje ta salansa. Turin nan shi ke juya tayoyi.

Abu biyu za mu riƙe a nan. Na fari, wuta ba ta ci sai da iska. Kilo 1 na fetur yana son iska wajen kilo 14.7, watau kowace lita ta mai tana bukatar iska kimanin lita 9,000. Na biyu, ƙarfin da ke cikin lita guda ƙayyadajje ne, kamar yadda mudun dawa ya ke da iyakar tuwon da zai yi.

Masu tallan magani su kan ce inji ba ya ƙone mai duka, maganinsu ne zai sa ya ƙone saura. Amma masana sun auna, sun ga inji mai lafiya, in ya ɗau zafi, yana ƙone fiye da kashi 95 cikin 100 na man da ya shiga cikinsa. Sauran da ya rage ɗan kaɗan ne, ko an kama shi duka ba zai yi yawan da a ke faɗi ba. Babbar asara tana wani wuri dabam. Cikin ƙarfin da wutar ta bayar, kashi 12 zuwa 30 cikin 100 ne kaɗai ke kai ga tura mota. Mafi yawan saura zafi ne, yana fita ta salansa da lagireto. Kowa ya taɓa ɗora hannu bisa bonet bayan tafiya ya ji inda kuɗin mai ya tafi. Wannan kuwa halin injin ne tun daga ƙira, abin da a ke zubawa cikin tanki ba ya sāke shi.

Mu duba kuma ta wajen yawa. Kwalbar magani ta kan ɗauki wajen mililita 300, tankin ƙaramar mota kuwa lita 50. Ko da abin da ke cikin kwalbar zallan fetur ne mai kyau, abin da ya ƙara bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Maganin iri-iri ne

Kada mu yi musu kuɗin goro, gama ba duka suka zama ɗaya ba. Za mu kasa su uku.

*Na ɗaya, mai wanke datti.* Yau da gobe wani baƙin dasashi ya kan taru a bakin bawul da ƙofofin da mai ke fesowa, watau nozul a motar zamani, ko cikin kafireta a tsohuwar mota da babur. In ƙofa ta toshe rabi, mai ba ya fita kamar feshi, sai ya riƙa ɗiga, wuta ta ci ba daidai ba. Kamar fitilar ƙwai ce: in lagwani ya yi kauci, sai ta riƙa hayaƙi, ta sha kananzir, haske kuwa kaɗan. A gyara lagwani, haske ya komo. Maganin wanke datti na kirki yana yin irin wannan aiki, ba ƙarya ba ne. A Amurka tun 1995 doka ta tilasta a sa shi cikin dukan fetur da a ke sayarwa. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, wadda a ke kira AAA, ta sa aka gwada inji na tafiyar mil 4,000, aka ga man da ba shi da isasshen abin wanki ya bar datti ninki 19 bisa bawul fiye da wanda ke da shi. Ta ce irin dattin nan, in ya daɗe, ya kan rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 2 zuwa 4 cikin 100.

Ku lura da abin da wannan ya nuna. Magani ya mayar wa inji abin da datti ya ƙwace ne, iyakarsa ke nan. Mu mutanen Daura mun san doki. A kan ba shi kanwa don ta gyara masa ciki, ya ji daɗin cin abinci. Amma ba wanda zai rage wa dokinsa dawa da harawa, ya ce kanwa za ta kai shi hawan Salla. Injin da ba shi da datti, in ka zuba masa maganin wanki, kamar ka wanke rigar da ta fito daga wanki ne.

*Na biyu, mai ƙara oktan.* Oktan suna ne na awon da ke nuna yadda mai ke jure matsi ba tare da ya kama wuta da kansa ba. In mai ba shi da juriya, wani sashensa ya kan fashe kafin wutar fulogi ta iso gare shi, sai ka ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman wajen hawan tudu da kaya. Wannan dabam ya ke da abin da makanikai ke nufi in sun ce inji ya buga, ko da ya ke in ya daɗe yana iya kai ga haka. To, mutane da yawa suna zaton oktan ƙarfi ne. A'a, haƙuri ne. Man da ya fi oktan bai fi wani yawan zafi ba. In injinka ba ya wannan ƙara, ƙarin oktan ba zai ƙara maka ko taki ɗaya ba. Ƙungiyar AAA ɗin nan ta lissafta a 2016 cewa a shekara guda Amurkawa sun ɓatar da dala biliyan 2.1 wajen sayen mai mai yawan oktan don motocin da ba su bukatarsa. Har wa yau, waɗansu magungunan irin wannan da ƙarfe a ke haɗa su, su kan bar jan dasashi a kan fulogi, su ɓata shi. Haka nan tsohuwar al'adar jefa ƙwayar kafur cikin tanki: wadda ba ta narke sosai ba tana iya toshe hanyar mai.

*Na uku, mai alkawarin abin al'ajabi.* Shi ne wanda a ke cewa zai rage shan mai da kashi 20 ko 30, ko ƙwaya guda ta isa tanki. Irin wannan talla ta tsufa. A 1916 wani mutum a Amurka, Louis Enricht, ya tara 'yan jarida, ya zuba wani koren ruwa cikin ruwan sha, ya ce ya mai da shi man mota. Labari ya bazu har Henry Ford, mai kamfanin motoci, ya nemi sanin asirin. Ba abin da ya fito daga ciki, daga baya ma aka ɗaure mutumin bisa wata zamba. Hukumar kula da muhalli ta Amurka ta gwada na'urori da magunguna fiye da 100 waɗanda aka ce suna rage shan mai, ba ta sami ko ɗaya da ya yi ragi na a zo a gani ba, waɗansu ma ƙara ƙazantar hayaƙi suka yi. Hankali ma ya isa ya nuna haka. Kamfanonin mota suna kashe dukiya mai yawa don su rage shan mai da ɗan kaɗan. Da akwai ruwan da zai rage kashi 20, da tuni matatun mai sun zuba shi tun daga can.

Abin da aka zuba ya kan cuta

Wani zai ce, "To, in bai yi amfani ba ai ba zai cuta ba." Labaru biyu sun ƙaryata wannan.

A watan Disamba na 1921 wani masani a kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano in an sa ɗan sinadarin dalma cikin fetur, ƙarar nan ta inji ta kan ɗauke. Aka fara sayar da shi a 1923. Aikinsa na gaskiya ne, gama ya ba maƙera damar ƙera injuna masu matsi da yawa, su kuwa irin waɗannan injuna sun fi tattalin mai. Ku duba fa, sai da aka sāke ƙirar inji kana riba ta samu. Amma dalma dafi ce. A 1924 ma'aikata 5 suka mutu a wata matata a jihar New Jersey inda a ke haɗa sinadarin. Daga baya likitoci suka tabbatar hayaƙinsa yana shiga jinin yara, yana dakushe musu ƙwaƙwalwa. Aka yi shekaru ana fama kafin a rabu da shi. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun bar shi a farkon 2006, Aljeriya kuwa ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Shekara kusan 100 ke nan ana biyan bashin magani guda.

Na biyu a gida ya faru. A watan Fabrairu na 2022 hukuma ta sanar an shigo da fetur Nijeriya wanda sinadarin metanol ya yi masa yawa, kamfanin mai na ƙasa ya ce daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp a Beljiyam aka yi lodinsa. Masu motoci suka yi ta kukan lalacewar inji, aka janye man daga kasuwa, layi ya yi tsawo a gidajen mai makonni. Metanol yana ƙara oktan, amma zafin da ke cikin litarsa wajen rabin na fetur ne, yana jawo ruwa, yana kuma cin roba da waɗansu ƙarafa. Wanda ya zuba wa tankinsa abin da bai san haɗinsa ba, ya yi wa kansa a ƙarami abin da ya sami ƙasa a babba. Garin neman gira a kan rasa ido.

Mu yi lissafi

Mu ɗauka, don sauƙin lissafi, lita naira 1,000 ce, tanki lita 50, watau naira 50,000. Mu ɗauka motar tana yin kilomita 10 da lita guda, tanki ya kai ta kilomita 500, kamar zuwa Katsina da komowa sau 3 ke nan da 'yan kai, tun da tsakanin Daura da Katsina kimanin kilomita 80 ne. Mu ce kwalbar magani naira 3,000. Kuɗin nan na lita 3 ne, tafiyar kilomita 30. Ashe sai tanki ya kai kilomita 530 kafin direba ya mai da uwar kuɗinsa, ba a yi zancen riba ba tukuna. Watau sai magani ya yi ragin kashi 6 cikin 100. Mun kuwa ga mai wanke datti, a injin da ya yi datti, kashi 2 zuwa 4 ya ke mayarwa. Mai zuba kwalba kowane tanki yana cikin hasara ko da maganin na kirki ne.

Amma in inji ya yi datti da gaske, aka wanke sau ɗaya, tsabtar ta ɗore har tanki 10, ragin kashi 2 ya zama naira 10,000 a kan naira 3,000 da aka kashe. A nan akwai riba. Bambancin duka yana ga sanin lokacin da a ke bukata.

Wannan ya shafe mu ƙwarai a ƙasar Daura. Muna bakin iyaka, ga ƙura, ga man jarka. A watan Nuwamba na 2019, da Hukumar Kwastan ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen garuruwa irin su Mai'aduwa da Kwangwalam da yawa sun koma ga 'yan bumburutu. Man da ya bi ta jarka da galan da mazurari ya fi saurin ɗaukar ƙura da ruwa. Amma maganin wanki ba ya narkar da yashi. Abin da ke tare yashi shi ne a tace mai wajen zubawa, a kuma sāke matatar mai ta mota a kan kari.

Me ya sa direban nan ya rantse?

Ba mu ce ƙarya ya yi ba. Mai yiwuwa injinsa ya yi datti, magani ya wanke. Mai yiwuwa kuma wani abu ne. Wanda ya kashe kuɗi ya sayi magani ya kan sa ido ga allurar mai, ya sassauta ƙafa bisa totur bai sani ba, sai ragin ya zo daga ƙafarsa, yabo ya tafi ga kwalba. Ban da wannan, shan mai ba ya tsayawa wuri guda. Da hunturu iska daga arewa maso gabas ta ke busowa: mai tafiya Kano ta Kazaure tana bayansa, mai komowa Daura yana karo da ita. Ran Lahadi, ranar kasuwar Mai'aduwa, lodi ya fi na sauran ranaku. Tanki ɗaya ya yi kilomita 470, wani ya yi 520, ba tare da an zuba kome ba. Yaya mutum zai gane ragin kashi 2 cikin irin wannan hawa da sauka da ido kawai?

Gani ya kori ji, amma awo ya kori gani. Ga yadda a ke yi. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar kilomita da ke jikin agogon mota. In mai ya yi ƙasa a koma famfon nan, a sake cikawa, a rubuta lita nawa ya ci da kilomita nawa aka yi. A raba kilomita da lita. A yi haka sau 5 ba magani, sau 5 da magani, a hanya guda da lodi kusan ɗaya, kana a gwada matsakaicin kowane kashi. In ana son gaskiya tsantsa, wani ne zai riƙa zubawa, kada direba ya san tankin da aka sa wa. Wannan lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba, yaron gida ma ya iya riƙe wa mahaifinsa littafin.

Inda ragi na gaskiya ya ke

Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta tattara awon abubuwan da ke cin mai, ga kaɗan daga ciki.

1. *Ƙafa.* Fizgar mota da taka birki da ƙarfi suna rage nisan lita da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya. Gudu kuma in ya wuce kilomita 80 a sa'a, shan mai ya kan hau da sauri, don iska tana ƙara tare mota. Sannu ba ta hana zuwa.

2. *Taya.* Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana jan ƙasa. Cika ta daidai yana iya mayar da har kashi 3. A auna da safe, kafin taya ta yi zafi.

3. *Kaya.* Kowane ƙarin kilo 45 yana cin wajen kashi 1. Kayan da aka ɗaura bisa rufi sun fi haka ɓarna, gama suna tare iska.

4. *Matatar iska.* Ku tuna da lita 9,000 ɗin nan. A motar kafireta, in ƙurar hunturu ta toshe matata, iska ta ragu, mai ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi. Sāke ta ya kan mayar da kashi 2 zuwa 6. Motar zamani tana daidaita mai da iska da kanta, ita ƙarfi ta ke rasawa.

5. *Tsayuwa.* Injin da ke aiki mota na tsaye a tasha yana shan mai, bai kai kowa ko'ina ba.

Ban da matatar iska, ba ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar kuɗin kirki, kowanne kuwa ya kai abin da kwalba ke yi ko ya fi.

Abin da muka tsaya a kai

Direbobin nan biyu kowa yana da rabon gaskiya. Ba maganin da ke ƙara wa lita ƙarfin da ba ta da shi. Mai wanke datti na kamfanin da aka sani yana da amfani jifa-jifa, in inji ya nuna alama, kamar rawa sa'ad da mota ke tsaye ko jinkirin ɗaukar wuta, bayan makaniki ya duba fulogi da matatu ya ga ba su ne ba. A bi adadin da aka rubuta jikin kwalba, kada a ƙara. Mai ƙara oktan sai ga injin da ke ƙarar tsakuwa, shi ma gara a sāke wurin sayen mai tukuna. Wanda kuwa aka ce zai rage kashi 20 ko 30, ko wanda ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, a bar wa mai shi kayansa. Duk wanda ya yi shakkar maganarmu, ga famfo, ga agogon mota, ga takarda da fensir: ya auna tanki 10, abin da lissafi ya ba shi ya fi rantsuwar kowa a tasha.